Rantsuwar Da Na Ƙarasa Wa Ƙanena

Ina tankaɗen gero da hantsin wata Laraba, wani tsohon barde mai suna Jatau ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ce Sarki Kailani na Birnin Marjan ya rasu. Kailani ƙanena ne. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, zan faɗi abin da na gani da abin da Jatau ya gaya mini.

Mahaifinmu shi ne Sarki Muzakkaru na Birnin Tuba. Kailani ya tashi da ƙarfi da iya takobi, amma yana da in'ina. Kalma kan tsaya masa a maƙogwaro har jijiyar wuyansa ta miƙe. Tun yana yaro ni ce bakinsa. Da ya fara, sai in ƙarasa masa. Nakan ce tausayi ne, amma gaskiya kunyar idon mutane nake ji.

A al'adar garinmu, magaji yakan dafa takobin kakanni a gaban fada ya yi rantsuwa da bakinsa, kuma rantsuwar da wani ya sa wa baki ta ɓaci har abada. Ranar tasa, ya faɗi rabi lafiya, sannan ya maƙale. Na ji wani bafade ya yi tari. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga bayan labule na ƙarasa masa ba.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gimbiya ce ta rantse. Ko ita za mu naɗa?"

Aka yi dariya. Kailani bai dube ni ba. Washegari ya ɗaura wa dokinsa sirdi, ya tafi neman Rijiyar Harsuna da ake cewa tana ƙasar aljanu, ruwanta na warkar da in'ina.

Jatau ya ce kwana arba'in Kailani ya yi a hamadar da yashinta ke tafasa, inda tsuntsaye masu fukafukan tagulla ke farautar matafiya, har ya isa birnin boka Zalkum, mai ganuwar baƙin ƙarfe da ƙofofi bakwai. Bokan ya fito masa da harshen zinariya a kan faranti.

Ya ce, "Ya kai ɗan sarki, sa wannan, maganarka ta gudana kamar kogi."

Kailani ya saurari mutanen birnin. Bakinsu da santsi, amma duk abu ɗaya suke faɗa, yabon Zalkum. Ya ture farantin. Bokan ya sako masa dakaru ɗari uku, Kailani ya keta su da takobi ya fita ta ƙofa ta bakwai.

A ƙasar aljanu ya tarar da rijiyar, ya sha, ya kira sunansa. Ya maƙale kamar kullum. Ruwa ne kawai. Yana zaune a bakinta sai ga Ifritu Darham, wanda ya ƙwace Birnin Marjan ya tsare Gimbiya Rumasa'u a hasumiya, ya iso da rundunar aljanunsa ya ƙalubalance shi. Ƙa'idar aljanu, ba a zare takobi sai kowane jarumi ya gama jawabinsa.

Darham ya yi nasa kamar tsawa, ya ce, "Saura kai, bil'adama."

Kailani ya fara. Ya tsaya. Ya jira dariya, ko wani ya ƙarasa masa. Dubban aljanu suka zuba masa ido, ba wanda ya motsa.

Darham ya zauna a kan dutse ya ce, "Shekarata dubu biyu. Ina zan je? Faɗi abinka."

Daga hantsi har azahar Kailani yana magana, karo na farko da ya kai zancensa ƙarshe. Sannan suka gwabza kwana uku, ya kayar da Darham, ya ƙi kashe shi saboda wannan jiran. Ya auri Rumasa'u, aka naɗa shi sarki. Shekara goma sha tara ya yi mulki da in'inarsa, fadarsa ta koyi jira.

Sau uku ya aiko in je. Ban je ba. Da wane ido zan dube shi?

Jatau ya ce, "Ya bar miki saƙo. Ya ce in faɗa yadda ya faɗa, har da inda ya tsaya."

Ya fara: "Yaya Hansatu..." Ya yi shiru. Na ji bakina yana buɗewa, wai ni na san sauran. Na ciji bakin zanena. Jatau ya daɗe kafin ya ci gaba.

"Da kin jira ranar nan, da na kai. Na yafe miki tun a hamada. Na so in gaya miki da kaina."

Yanzu akwai Inna Dije a maƙwabtanmu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkatar mata da baki. Kowace safiya nakan kai mata koko, in gaishe ta, in zauna. Kafin ta gama amsawa kokon ya huce. Sai in tashi in ɗumamo mata.