Shimfiɗar da Malam Ilu Ya Ɗinka wa Maƙwabcinsa

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ba zamanin kakanni ba ne, lokacin da kwamfuta ta fara shigowa kasuwanninmu ne. Sunansa Malam Ilu, sana'arsa ɗinkin hannu. Ku gyara zama ku saurara, musamman ku masu shago, domin da ku nake yau.

Malam Ilu tun yana saurayi allura ce a hannunsa. Wuyan riga, aljihu, hula, duk abin da ake yi wa ado da zare ya iya shi. Ba wani shago gare shi na a zo a gani ba, 'yar rumfa ce da tabarma da gwangwanin zare. Da allurar nan ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa, da ita suke ci shi da matarsa Tabawa.

Ana nan sai wani matashi mai suna Nafi'u ya kama shagon da ke jikin rumfar, ya kawo injin ado na zamani. A kwamfuta yake zana adon, yana jan ɗan abin nan da ake ce wa maus da hannun dama, yana dannawa, sai inji ya kama ta-ta-ta-ta. Rigar da Malam Ilu zai yi wata yana hudawa, Nafi'u kafin la'asar ya ninke ta ya miƙa wa mai ita. Ba mugu ba ne, amma akwai baki. Sai ya leƙo rumfa ya ce, "Baba, har yanzu wuyan nan na jiya ne? Kawo in ƙarasa maka kafin shayina ya huce."

Malam Ilu ya ce, "Allah ya sa wa sana'a albarka, ɗana."

To, kun san halinmu. Muna son sauri, muna son araha. Masu kawo aiki suka koma shagon Nafi'u, wasu har kau da kai suke yi in za su wuce rumfar. Malam Ilu ya koma faci da sa maɓalli. A gida aka rage cefane, nama ya zama sai an yi baƙo. Ya ji zafi? Ya ji mana! Kada wani ya ce muku mutanen kirki ba su da zuciya. Ƙarar injin nan tana shiga kunnensa tana sauka a ƙirjinsa, sai dai bakinsa bai taɓa furta sharri ba.

Sai Allah ya yi ikonsa. Wata safiya Nafi'u ya yanke jiki ya faɗi a shago, hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka yi jinya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannu ya ƙi. Rawa yake yi, yatsun ba sa ji sosai. Aka rufe shago, inji ya yi tsit.

Ku saurara, ga mutanenmu nan tafe. Waɗanda jiya suke kau da kai, su ne yau a bakin rumfa: "Malam, ai dama aikin hannu ya fi ƙarko!" Ka ji fa. Riguna suka taru a gaban Malam Ilu har yana cewa wasu su dawo bayan sallah. Tabawa ta koma sayen nama.

Rannan Malam Ilu ya je dubiya. Ya tarar an kawo wa Nafi'u kwamfutarsa gida yana gwadawa. Ya ja maus, hannu ya zarce, maus ya faɗo daga tebur. Ya ɗauka ya sake, tsintsiyar hannun ta saki. Ya gwada da hagu, layi ya karkace. Ya ce, "Baba, zanen yana nan a kaina garau, hannun ne ya ƙi bi na. Na yanke shawara in sayar da injin. Ban san abin da zan ba yara ba bayan kuɗin ya ƙare."

Malam Ilu ya yi masa addu'a. Amma maɗinki ne, ido yake gwada mutum da shi. Ya kalli faɗin tafin hannun, ya kalli inda yake kufcewa, ya kalli inda tsintsiyar take faɗawa, ya tashi ya tafi.

Ya biya wurin dukawa ya sayi fata mai laushi. Ya liƙa mata roba a ƙasa don kada ta zame a kan tebur, ya ja yadi mai santsi a sama ya ɗame shi. Tsakiya bai sa mata allura ko sau ɗaya ba, domin nan maus zai yi yawo. A gefe ya tufka igiyar zare mai kauri, ya ɗinke ta zagaye kamar ƙaramar katanga, yadda in hannu ya zarce zai ji ya tsaya. Wajen tsintsiyar hannu ya cusa auduga ya yi ɗan matashi. Sa'an nan ya ɗauko zarensa mafi kyau, wanda yake ɓoye wa manyan riguna, ya shiga yi wa gefen ado, kore da ruwan zuma, ya yi wa kowace kusurwa dagi.

Tabawa ta gan shi yana yi a tsakar gida bayan ya taso daga rumfa. Ta ce, "Malam, wannan kuma hular wa ce, ba zurfi?"

Ya ce, "Ba hula ba ce, shimfiɗar maus ce. Ta Nafi'u."

Ta ajiye muciya. Ta ce, "Malam, ka san in ya tashi injin nan, mu ne za mu kwanta? Allah ya dawo maka da kasuwarka har ƙofa, kai kuma ka zauna kana ɗinka abin da zai kore ta?"

Jama'a, kada ku zargi Tabawa, gaskiya ta faɗa. Kuma ku lura, babu wanda ya roƙe shi. Da ya naɗe hannu ya yi shiru, babu alƙalin da zai kama shi, babu maƙwabcin da zai ce ya yi laifi. Nan jarrabawar take.

Malam Ilu ya ce, "Tabawa, ƙarar injin nan ta dame ni, ban ɓoye miki ba. Amma tun da ya yi shiru, shirun ya fi damuna, domin na san akwai gidan da ba a ɗora tukunya. Wanda yake ciyar da mu bai ce sai Nafi'u ya kwanta zai ba mu ba."

Ta ce, "To na ji. Adon fa na mene ne? Ba sai ka bar shi haka ba?"

Ya ce, "Mutumin da ciwo ya kayar, in ka miƙa masa abu ko oho, sai ya ji sadaka aka ba shi. In ka miƙa masa mai kyau, ya san kyauta ce."

Da ya gama ya kai masa. Nafi'u ya ɗora hannu a kan matashin, ya ja maus, hannu ya zarce, ya bugi igiyar ya tsaya. Ya sake ja, ya tsaya. Ya shafa dagin kusurwa da yatsunsa, ya ɗago ido cike da hawaye ya ce, "Baba, ka san abin da ka yi wa kanka kuwa?"

Malam Ilu ya ce, "Na sani. Ka dai riƙa gwadawa kullum, kada ka yi gaggawa."

Kuna jira in ce muku washegari wani attajiri ya zo ya yi masa ruwan kuɗi? Bai zo ba. Nafi'u ya yi ta gwadawa har layi ya miƙe, ya buɗe shago, inji ya tashi, masu kawo aiki suka sake juyawa. Nafi'u yana turo masa masu son aikin hannu, amma nawa suke? Malam Ilu ya koma facinsa. Ranar da ƙarar ta dawo, ya ɗaga kai daga ɗinki ya ce, "Alhamdu lillahi, yau za a ci tuwo a gidan Nafi'u."

Injin bai ƙara yin shiru ba sai ranar da Malam Ilu ya rasu. A ranar, Nafi'u da kansa ya kashe shi ya ja ƙofa. Da aka ɗauki makara, ya sa hannun nan mai rawa ya kama. Aka ce ya saki a karɓe shi, ya ƙi, har bakin kabari.

To, 'yan uwa, alherin da ba ya rage maka komai kowa ya iya shi. Na gaske shi ne wanda ka san zai taɓa aljihunka, ka kuma yi shi da kyau, ba tare da ka wulaƙanta wanda ka yi wa ba. Kai mai shago, kai mai tuƙi, ke mai sayar da abinci, kowannenku yana da Nafi'unsa a jikin bango. Ranar da ka fito ka ga ƙofarsa a rufe, tsaya ka saurari zuciyarka. In ka ji tana murna, nemi gafarar Allah, ka tafi gidansa ka duba abin da hannunka zai iya yi masa. Allah ya wanke mana zukata, ya jiƙan magabatanmu.