Yarinyar da Take Kallon Ƙofa

Akwai wani mutum, falke ne, kullum yana kan hanya daga wannan kasuwa zuwa waccan. Yana da 'ya ɗaya mai shekara huɗu, sunanta Tabita. Ya ɗauko mai zane domin ya zana masa ita da fenti. Shi kuwa mai zanen, al'adarsa sai ya kwana uku a gida yana lura da yaro kafin ya taɓa fenti.

Da falken ya dawo daga tafiya, ya sami hoton a rataye. Ga Tabita cikin rigar da ya aiko mata, ga kwanon abinci a cinyarta ba ta taɓa ba, ga kujera kusa da ita ba kowa a kai. Amma idanun ne suka dame shi. Ya tsaya dama, ba su dube shi ba. Ya koma hagu, haka. Duk inda ya tsaya, ƙofa suke kallo. Sai ya ɗauki zane ya rufe hoton.

Ya tafi wurin mai zanen da fushi, ya ce, "Malam, zo ka gyara idanun nan su dube ni."

Mai zanen ya ce, "Maigida, abin da na gani na zana. Kwana uku ina gidanka, ban ga ta kalli wani wuri ba."

Falken ya koma gida. Yana shiga sai ya ga yarinyar zaune daidai yadda take a hoton, da kwanon, da kujerar. Yana tsaye a bakin ƙofa, ita kuwa tana leƙen bayansa.

Ya ce, "Tabita, wa kike jira?"

Ta ce, "Babana. An ce zai zo."

Ma'anar wannan misali ita ce: mai zanen shi ne Maganar Allah, wadda ba ta yi wa kowa kwalliya. Kwanon da ba a taɓa ba shi ne kayan da muke aikawa gida a maimakon kanmu. Zanen da aka rufe hoton da shi kuwa hujjojinmu ne, "Ai dominsu nake wahala." 'Yan'uwa, ku daina neman a gyara hoton. Kujerar nan taku ce. Ku je ku zauna a kai tun yaron yana kallon ƙofa, gama rana tana zuwa da zai daina.