Waziri Gwadabe da Gaɓar Dorina

A zamanin da, an yi wata ƙasa da babban kogi ya raba biyu, birni a gabas, ƙauyukan manoma a yamma, ba hanyar ƙetarewa sai jirgin fito. Wata damina jiragen suka tsufa, ɗaya ya nutse da buhunan gero. Sarki ya tara majalisa ya ce, "Na ware harajin kasuwa na bana don a sassaƙa sababbin jirage. Ku ba ni shawara a inda za su riƙa tsayawa."

Waziri Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsohon bakin fito ya yi nisa. A mai da shi Gaɓar Dorina, can kogin ya fi ƙunci." Bai faɗa cewa gonakinsa da masaukin fatake da ya gina suna bayan gaɓar ba.

Sarkin Ruwa Makau, wanda shi ke riƙe da sha'anin kogi, ya ce, "Ranka ya daɗe, can dorinai ke haihuwa, can dinya da gauraka ke ƙyanƙyasa. Mata ma ba sa shiga yankan ciyawa sai da rani. In aka kai musu jirage, za a zubar da jini."

Amma 'yan majalisa sun riga sun sha kyautar Waziri, suka goyi bayansa. Sarki ya yarda.

Waziri ya tura maharba suka cinna wa ciyawar gaɓar wuta. Tsuntsaye suka tashi suna kuka, ƙwai na fashewa a toka. Dorinai suka fito a firgice, aka tare su da masu. Aka kashe wani ɗan dorina a gaban uwarsa, ita kuma ta faɗa ruwa da mashi kafe a wuya.

Ranar da aka buɗe sabon bakin fito, jirgi ya tashi cike da 'yan kasuwa. Yana kai tsakiya sai ruwa ya tsage. Uwar dorinar nan ta taso ta ƙasa, ta kife shi, ta kama shi a baki ta datse shi gida biyu. Ta bi mutane tana sara. Wani mai sayar da gishiri ya kusa kai gaɓa, ta cafke shi a ƙugu a kan idon matarsa. Kogi ya yi ja har yamma, gawawwaki na maƙalewa a gindin itatuwa.

Washegari Waziri ya riga kowa zuwa fada, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, asiri ne! Makau ya ji haushin an ƙi maganarsa, ya turo dabbar." Kafin Sarki ya yi hukunci, Waziri ya sa dogarai suka zane Makau har bayansa ya tsattsage, aka sa masa mari a ƙafa.

Sarki ya dubi Waziri. Ya ce, "To, tun da mai asirin yana ɗaure, ruwa ya yi lafiya ke nan?"

"Lafiya lau, Zaki."

"Madalla. Talakawa sun tsorata, sai wani babba ya nuna musu. Yanzu za ka ƙetara, kai da matanka da 'ya'yanka duka."

Da aka kawo iyalin Waziri bakin ruwa, ya ga an ɗaga autarsa za a sa a jirgi, sai ya zube ƙasa, rawani ya warware. "Na tuba! Kada a sa ta! Maharba sun gaya mini dorinar ta tsere da rauni, na ce su rufe baki."

Sarki ya ce, "Ka sani, ka bar 'ya'yan wasu suka hau. Yarinya ba ta da laifi, a mai da iyalinsa gida. Kai kuwa, hanyar da ka zaɓa wa mutane ita za ka bi."

Aka miƙa masa filafili, aka tura jirgin. Bai iya tuƙi ba, jirgi na ta juyi. Jama'a na kallo ruwa ya motsa a bayansa. Ihu ɗaya ya yi.

Sarki ya sa aka kwance Makau, ya tuɓe 'yan majalisar da suka karɓi kyauta, ya raba gonakin Waziri ga iyalan mamatan. Aka yi shela cewa fito ya koma tsohon wurinsa, kuma ba wuta ba mashi a Gaɓar Dorina har abada.

Sa'an nan Sarki ya tashi daga karaga a gaban jama'a, ya ce, "Makau, ni ma da bakina na yarda. Ka yafe mini."

Makau ya ce, "Ni na yafe, ranka ya daɗe. Amma matar mai gishiri tana ƙofar fada tun jiya."

Sarki ya cire takalmansa, ya fita wurinta da ƙafa.