Gwamma Mai Kunci Biyu da Rijiyar Korarru

"Tamu ce!"

"Taku a ina? Buɗe idonka ka dubi kuncinta na hagu."

"Ni na dama nake kallo, shi ne na uba."

"Uban da kuka kore ta daga gidansa?"

"Ku da kuka hana ta ko ruwan randa fa?"

Masu wannan musu manzanni biyu ne: Barde Nomau na Dutsen Gaba, mai murya kamar ana jan turmi a kan fako, da Shantali Anini na Kurmin Shamuwa, wanda duk maganarsa ta hanci take fita. A bakin wata rijiya suke, a tsakiyar dawa, tun zamanin da ba a san bindiga ba. Wadda ake musun a kanta, Gwamma maharbiya, tana zaune kan kututture tana fiɗar gada, ko kai ba ta ɗaga ba.

A wancan zamani zanen fuska shi ne shaidar mutum. 'Yan Dutsen Gaba gajeru uku ake yi musu a kowane kunci, 'yan Kurmin Shamuwa dogo ɗaya. Garuruwan biyu suna da doka guda: wanda yake ɗauke da zanenku, ba ku ɗaga masa mashi. Uban Gwamma ɗan Dutse ne, uwarta 'yar Kurmi. Ranar sunanta, wanzami Arzika ya zo daga Kurmi inda ya yi wa jarirai uku zane da safe. Ya yi mata gajeru uku a dama, daidai. Sai zuma ta taso daga tsamiya ta tarwatsa taron. Da ya dawo da ido ɗaya a kumbure, hannunsa ya koma aikin safe, ya ja dogo ɗaya a hagu.

Muddin ubanta yana raye, babu mai cewa uffan. Da ya rasu, baffanninta suka riƙa zama ta hagunta. "Wannan ai 'yar Kurmi ce," in ji su. Ta kama hanyar Kurmi, inda uwarta ta riga ta kwanta dama. Kawunnanta suka zauna ta damanta. "Ayya, 'yar Dutse, ɓatan hanya kika yi?"

Ta ɗauki bakan ubanta da kwarinsa da karensa, ta shiga dawa. An ce kwana tara tana bin sawun wani gwanki, har ƙishirwa ta tsattsage mata leɓe. A rana ta tara gwankin ya tsaya ƙarƙashin wani gawo, ya juyo ya dube ta da idon dama, ya sake juyawa ya dube ta da na hagu, ya buga kofato sau uku, ya ɓace. Ta haƙa wurin da kan kibiya. Ba ta kai gaba biyu ba ruwa ya ɓulɓulo. Tun daga nan ake mata kirari: Gwamma kunci biyu, 'yar kowa 'yar babu kowa, kin sha inda zaki ya haƙura!

Labari ya bazu a bakin fatake. Sai ga Tunau maƙeri, wanda aka kora don da hagu yake ƙira. Sai ga wata tsohuwa da aka ce mayya ce don jikokinta sun mutu a jere. Sai ga bayin da suka tsere, waɗanda ba su san ma sunan garinsu ba. Daga ƙarshe sai ga Arzika wanzami, ya tsufa, zabirarsa ta yage, tun ranar kuskurensa babu mai miƙa masa jariri. Ya tsaya nesa yana murza hula. Gwamma ta dube shi ta ce, "Baba, sha ruwa. Kai ka fara gina garin nan."

Aka yi fari shekara biyu a jere, rijiyoyin Dutse da Kurmi suka ƙafe, ta Gwamma kuwa ko kamu ɗaya ba ta ja baya ba. Shi ya kawo manzannin nan. Duk garin da ya tabbatar Gwamma tasa ce, rijiya ta zama tasa, korarrun da ke bakinta kuma, da yake ba su da zanen kowa, sai a kora su da mashi ko a ɗaure su bayi.

Da musun ya ishe ta, ta soke wuƙar a ƙasa.

"Barde, kuncin dama naku ne. Shantali, na hagu naku ne. Ga wuƙa, kowa ya yanki rabonsa."

Babu wanda ya taɓa wuƙar.

"To ku koma. Bayan kwana ashirin ku zo da dattawanku su duba fuskoki."

Suna juya baya ta tara mutanenta, su arba'in da bakwai. "Ba zan tilasta wa kowa ba," in ji ta. "Aska a fuskar babba ba wasa ba ce." Tunau ya fara zama, ya miƙa wuya. Kwana uku Arzika yana wasa aska, yana maimaita kuskurensa da gangan: gajeru uku a dama, dogo ɗaya a hagu. Tsohuwar nan ma cewa ta yi a zurfafa nata, kada tamoji ya ɓoye shi.

Ranar alkawari dattawa suka iso da 'yan mashi a bayansu. Mutanen rijiya suka jeru. 'Yan Dutse suka bi ta dama suna ƙirga uku uku, har kowannensu ya sauke mashinsa. 'Yan Kurmi suka bi ta hagu, suka ga nasu a kowace fuska.

"Wai ku 'yan ina ne?" in ji Shantali ta hanci.

"'Yan nan," in ji Gwamma. "Mai ƙishirwa ya kawo tulu, ba za mu hana ba, mun san zafinta. Amma ya yi sallama, ya bi layi bayan tsohuwar da kuka kira mayya."

Suka bi layin kuwa, har da Barde.

Garin yana nan, Kunci Biyu sunansa, rijiyar tana gindin gawon. An daina zanen aska, amma ranar suna sai goggon jariri ta ja masa uku da ɗaya da kwalli. Baƙo kuma ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne sai ya sha ruwa ya ajiye moɗa.

Tsofaffinmu ba sa rufe labarin sai sun ƙara wannan. Barde ya cika tulunsa zai tafi, sai karen Gwamma ya fito daga inuwa yana miƙa. A fuskarsa gajeru uku a dama, dogo ɗaya a hagu.

"Arzika!" Barde ya daka tsawa. "Zanen kakannina? Har kare?"

Tsohon ya goge askarsa a cinya.

"Ranka ya daɗe, ai shi ya fara roƙo."