Dodon Koɗi da Baƙuwar da Ta Sauka a Ƙahonsa

An yi wani Dodon Koɗi da ke zaune ƙarƙashin ganyen gwaza a bakin fadama. Ga sanyi, ga abinci, amma abu ɗaya ke cin ransa: ba mai kallonsa. Maƙwabciyarsa Inna Kwaɗuwa kuwa tsohuwa ce mai tambayar tsiya.

Wata safiya ya lashi wani ganye da tsuntsu ya yi wa kashi. Ashe akwai ƙwan tsutsa a jiki. Tsutsar ta girma a cikinsa, ta haura ta tare a ƙahonninsa, inda idanunsa suke. Ƙahonnin suka kumbura, suka yi ratsin kore da rawaya, suna motsi kamar masu rawa.

Ya ce, "Wa ke nan a kaina?"

Tsutsa ta ce, "Baƙuwa ce, ranka ya daɗe. Ba ni da ci, kuma ado na kawo maka. Leƙa ruwa ka gani."

Ya leƙa. Gogan naku sai ya ji kamar an naɗa shi sarauta.

Ta ce, "Amma wa zai gan ka a wannan duhu? Hau sama."

Kullum haka take raɗa masa, har ta kai ta daina, don shi da kansa yake faɗa wa kansa.

Ran nan da rana tsaka Inna Kwaɗuwa ta gan shi yana hawan wani dogon kara.

"Ɗan nan, ina zuwa? Ku fa rana busar da ku take yi."

"Sama za ni, Inna."

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Ni na ga dama."

"Tun kana ƙarami nake ganin ka kana gudun haske. Yaushe ka fara son sa? Kafin ƙahon nan ya kumbura, ko bayan ya kumbura?"

"Hassada ke damun ki, mai fata duk ƙuraje."

Maganar ta yi wa tsohuwar zafi, ta ƙyale shi ya ci gaba da hawa.

Da ya kai ƙarshen karan, sai ga Balbela ta karkato kai tana kallonsa. Daɗi ya kama shi, yau an gan shi.

Nan Tsutsa ta sake magana. "Na gode da rakiya. Ni dama cikin tsuntsu nake nema, can zan yi ƙwai. Hawa ne ban iya ba, shi ya sa na ari jikinka."

Ya yi ƙoƙarin janye ƙahonninsa, suka ƙi shiga saboda kumburi. Balbela ta fizge su duka biyun, shi kuma ya faɗo cikin taɓo.

Inna Kwaɗuwa ta tura shi inuwa, ba ta yi masa gori ba. Da ya farfaɗo ta ce, "Sannu. Idon na ciwo?"

Ya ce, "Yana yi, Inna. Amma ba shi ya fi damuna ba. Da na ce miki ni na ga dama, ba ƙarya na yi ba. Haka na ji a raina."

Darasin wannan labari shi ne, ba kowane buri da ya taso maka a zuci ne naka ba. Idan ka wayi gari kana ɗokin abin da a da kake tsoro, dakata ka tambayi kanka yaushe ya fara, kuma wa zai ci riba idan ka kai can.