Fitilar da Habila Ya Rufe

Akwai wani mutum mai suna Habila, manomin citta ne. Shekara da shekaru yana kai kayansa kasuwa a kan babur, har wata shekara Allah ya sa wa gonarsa albarka, citta ta yi kyau, ta kuma yi daraja. Sai ya sayi mota irin ta zamani, fara sol, wadda ba a murɗa mata makulli, maɓalli kawai ake dannawa ta tashi. Kowace safiya yakan wanke ta da hannunsa kafin ya karya kumallo. Matarsa Liyatu takan yi dariya ta ce ko 'ya'yansa bai taɓa yi wa irin wannan wanka ba.

Wata rana yana dawowa daga kasuwa, sai wata ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gaban sitiyari. Ya dube ta, ya kasa kunne ga injin, bai ji wata baƙuwar ƙara ba. Kafin ya isa gida fitilar ta mutu da kanta. Ya ce a ransa, "Ashe ba komai ba ne."

Bayan kwana uku ta sake kamawa, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi, yau ta kama, gobe shiru. Liyatu ta gani, ta ce, "Maigida, wannan abin magana yake yi maka. Ka kai a duba."

Ya ce, "Mota tana tafiya lafiya lau. Idan na kai ta, za su buɗe ta su samo mata ciwon da ba ta da shi."

Gaskiyar maganar kuwa, tsoro yake ji kada a gaya masa abin da ba ya son ji. Amma fitilar ta hana shi sakewa, duk inda ya juya idonsa yana kanta. Ran nan ya ɗauko wata 'yar takarda mai manne wadda aka raba a bikin cikar ikilisiyarsu shekara hamsin, mai hoton gicciye, ya manna ta daidai kan fitilar. Daga ranar bai ƙara ganinta ba, hankalinsa ya kwanta.

To, Habila yana da uwa tsohuwa, ana ce mata Inna Tanoma. Shekarunta sun haura saba'in. 'Ya'yanta sun daɗe suna yi mata addu'a, sai a wannan shekara ta ba da gaskiya ga Almasihu, ta ce tana so a yi mata baftisma a rafin ƙauyen da aka haife ta. Aka sa rana, wata Asabar da ƙarfe goma na safe. Ƙauyen kuwa yana bayan wani dogon hawa ne.

Ranar ta zo. Inna Tanoma ta sa farin zanenta ta zauna a baya, Liyatu na gefenta da ƙullin kayan canji. Suka kama hanya suna raira waƙa. Da suka kai tsakiyar hawan, sai motar ta yi sanyi farat ɗaya. Habila ya taka totur har ƙasa, amma kamar an riƙe ta daga baya. Injin bai mutu ba, sai dai ƙarfinsa ya tafi. Ga wata tirela ɗauke da siminti a bayansu tana ta danna ham. Da ƙyar Habila ya samu ya raɓe gefen hanya, tirelar ta wuce, iskarta ta girgiza su.

Waƙa ta tsaya. Liyatu ta matso gaba. Ta miƙo hannu daga baya, ta sa farce ta ɓare takardar nan. Ga fitilar tana ci, har da wata ja a kusa da ita.

Habila ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Na ɓata miki ranarki."

Tsohuwar ta ce, "Motar tana iya motsi?"

Ya ce, "Tana yi, amma kamar jaki mai kaya."

Ta ce, "To, mu tafi da tafiyar jakin. Allah ya jira ni shekara saba'in, ba zai gaji ba don an ƙara masa awa ɗaya."

Haka suka lallaɓa. Masu keke suna wuce su, mata masu itace a ka suna gaishe su ta taga, Inna Tanoma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa yau dai motar ta koyi tafiyar tsofaffi. A saman hawan akwai wani gareji na wani dattijon makanike, wanda ya koyi aikinsa a wurin masu ƙera irin wannan mota. Ya fito yana goge hannu, ya gaida Inna, ya sa aka kawo mata kujera a inuwa. Sa'an nan ya ɗauko wata 'yar na'ura, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta abin da ta nuna.

Ya ce, "Malam, motarka ta kira ka sau talatin da bakwai."

Habila ya ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Ba ta mantuwa. Duk ranar da fitilar ta kama, tana ajiye wa mai gyara labari."

Habila ya jira faɗa, amma dattijon bai yi masa ba. Ya buɗe bonet, ya bari injin ya huce, sa'an nan ya kira shi ya nuna masa wani tiyo na ruwa. Akwai tsaga a jikinsa, ba ta kai tsawon farcen ɗan yatsa ba. Ya ce, "Idan injin ya yi zafi, tsagar takan buɗe, ruwa ya tsiyaye. Idan ya huce, ta rufe. Shi ya sa fitilar take kamawa tana mutuwa. Yau ruwan saura kaɗan ya ƙare."

Habila ya tambaya da ƙaramar murya, "Injin ya lalace ke nan?"

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ƙera ta ya san akwai direbobi irinka. Ya tsara ta yadda idan ta ga za ta hallaka, sai ta rage ƙarfin kanta, ko an taka totur ta ƙi. Da ta biye maka a hawan nan, da injin ya buga. Rashin ƙarfin da ya ba ka haushi, shi ya cece ta."

Ya canja tiyon, ya cika ruwa, ya danna maɓalli. Motar ta tashi, allon ya yi fes, ba fitila ko ɗaya. Habila ya yi dariya har da hawaye, ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu, bai damu da baƙin mai ba.

Sun isa rafin sha ɗaya ta wuce. Suna tsammani jama'a sun watse, amma tun daga nesa suka jiyo ganga. An gama da sauran masu baftisma, fasto kuwa ya ƙi fitowa daga ruwan, ya ce akwai sauran mutum ɗaya. Zumuntar mata suka tarye su da guɗa. Habila da kansa ya riƙe hannun uwarsa har bakin ruwa. Da ta fito, ruwa na zuba daga furfurarta, sai ta ɗaga hannu biyu sama tana dariya, ikilisiya duka ta ɗauki waƙa. A ranar an ci, an sha, an yi rawa har la'asar.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: motar nan rayuwarka ce, wanda ya ƙera ta kuwa Allah ne. Fitilar ita ce muryar Ruhu Mai Tsarki a cikin lamirinka. Ba ta yin ihu. Takan zo lokacin da ka yi wa matarka magana mai zafi, ko ka ƙara gishiri a labarin maƙwabci, ko ka ga ɗan'uwanka a bakin ƙofar majami'a ka kau da kai. Sai ta yi shiru, kai kuma ka ce ya wuce. Bai wuce ba, tsagar tana nan.

Ku lura da abin da Habila ya rufe fitilar da shi. Da kayan ikilisiya ya rufe ta. Mu ma haka muke yi. Ni mai yi muku wannan magana, na taɓa yin wata biyar ba na gaisawa da ƙanena, a cikin watannin nan kuwa ban fasa zuwa sujada ko sau ɗaya ba, ina ma jagorar addu'ar safe. Hidima abu ce mai kyau, amma ba ta ɗinke tsaga.

Ba kowace wahala ce take zuwa saboda zunubi ba, kada wani ya fita nan ya je yana tuhumar marar lafiya. Amma akwai lokacin da Ubangiji yakan rage mana gudu da gangan. Addu'a ta yi nauyi, abin da ka saba yi cikin sauƙi ya gagare ka, kana ta ƙoƙari amma ba ka ci gaba. Kafin ka ce Allah ya yashe ka, ka tsaya ka tambaye shi abin da yake so ya nuna maka. Mai yiwuwa ƙaunarsa ce ta riƙe ka don kada ka hallaka.

Labari mai daɗin shi ne, Yesu ya san dukan lokutan da ya kira ka ba ka amsa ba, ya san yawansu, duk da haka ba ya tarbar mai zuwa wurinsa da gori. Gyara yake yi. Sau da yawa kuma abin da muka daɗe muna tsoron a buɗe, idan ya sa hannunsa, sai mu ga bai kai yadda muka zata ba.

Saboda haka, idan akwai wani wanda sunansa ya faɗo maka a rai tun da na fara wannan magana, ai ka san gidansa. Ka je yau, tun rana ba ta faɗi ba. Ubangiji zai riga ka isa can.