Ganuwar Sarki Jatau

An ce a wani zamani an yi wani sarki a Tsaunin Kargo, sunansa Jatau. Da ya ji maƙwabcinsa ya ɗaga ganuwa kamu ashirin, sai ya rantse tasa sai ta kai talatin. Magina suka ce ƙasar gini ta ƙare, shi kuwa ya ba da umarni a kwashe ta gonakin gindin tsauni a yi tubali. Dama wani bafade ya gaya masa ai dutse ne ke haifar ƙasa, ga shi kuwa Allah ya hore masa dutse har ya yi yawa.

Ana ɗaura wa jakuna mangala sai Sarkin Noma Barmo, wani tsoho mai kaifin harshe, ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan dabara ta kai. Rabona da jin irinta tun ta Cindo mai gyaran gona." Sarki ya ji daɗi, ya ce a ba shi labarin.

Barmo ya ce Cindo ya gaji gona a kan gangare, wadda ubansa ya jera wa duwatsu layi-layi don su tare ƙasa, ga itatuwan gawo jefi-jefi. Cindo ya duba ya ce wannan ai ƙazanta ce. Ya kwashe duwatsun, ya sare gawon, ya share gona tas kamar faifai, har mutane na zuwa kallo. Ruwan shuka ya sauka kwana biyu a jere, ya ɗebe ƙasar da irin da ke cikinta, ya kai wa mutanen kwari kyauta. Cindo ya zo ya tarar da dutse fal kamar kan mai sanƙo, ga iyali a gida, rumbu babu ko zangarniya.

Da yake shi ma ya san asalin ƙasa, sai ya ɗauki guduma ya hau dutsen da duka. A kwana arba'in ya tara ƙwarya shida ta garin dutse, ya shuka gero. Gero ya leƙo, ya ga inda aka ajiye shi, ya mutu.

Gwaggonsa Tabawa ta biyo ta nan da itace a ka, ta yi masa sannu da aiki, ta tambaye shi ko shi ne magajin ƙadangaren nan. Ya ce wanne? Ta sauke kaya ta ba shi labari.

Ta ce wani ƙadangare ne ya ga tsaga a jikin falalen dutse, ya je ya shaida wa rema cewa baɗi nan zai yi noma. Rema ta tambaye shi ko ya san waɗanda suka yi wannan aiki. Rana ce ke gasa dutsen, sanyi ya biyo ya ƙanƙame shi, har bayansa ya riƙa ɓarewa kamar albasa. Ruwa ya sami kafa ya shiga yana cinsa. Tsuntsu ya yar da ƙwayar ɓaure, saiwa ta kutsa ta buɗa. Ganye ya faɗi ya ruɓe, gara da tana suka cakuɗa shi da ɓarɓashin.

Rema ta ce, "Kakar kakata ta ga tsagar nan ko allura ba ta shiga. Yau ga shi wutsiyarka ta shiga, ƙasar ciki kuma ta kusa cika ludayi. Maza ka fara wasa fartanya." Ƙadangare ya gyaɗa kai, har yau bai daina ba.

Tabawa ta ɗauki itacenta ta ce, "Amma kai ka fi shi, ɗan nan. Shi bai tarar da komai ba, kai ka tarar ka zubar. Kuma garin dutse ba ƙasa ba ne, kamar yadda gari ba tuwo ba ne." Daminar nan Cindo a kwari ya yi ta, yana ƙwadago, yana noma wa wasu ƙasar ubansa.

Barmo ya gyara zama ya ce, "Sai dai Cindo talaka ne, ranka ya daɗe. Kai in ka aika wa tsauni da dogari, wataƙila ya yi sauri. Ganuwa kuma in ta kai kamu talatin, ba maƙiyin da zai hango rumbunanmu ba komai ciki. Yunwa ce kaɗai ba ta neman tsani."

Sarki ya waiwaya neman bafaden nan, aka ce ya fita kama ruwa. Sai ya tambayi Barmo zurfin ƙasar gonakin, Barmo ya nuna gwiwarsa, ya ce daga nan sai dutse.

Sarki ya dubi gwiwar tsohon, sannan ya ce, "Bakinka ba linzami, Sarkin Noma, amma na ji. A kwance jakuna. Ganuwarmu ta tsaya a kamu goma sha biyun da ta kai. Wanda ya tsallako ya same mu a ƙoshe."